Gawa Ba Ta Kwana Cikin Ganuwa

Talata, 5 ga Mayu

Sun iso. Tun da hantsi aka hango ƙura ta hanyar yamma, kafin rana ta take tsaka amalankensu sun cika kwari. Gotawa ne, ƙabilar nan ta arewa mai gaba da Rum, da matansu da 'ya'yansu da awakinsu, sai ka ce masu zuwa biki. An rufe ƙofofin garinmu Talabona duka.

Na hau badala tare da sauran mata don in ba idona abinci, na sauko da baƙin ciki. A maƙabarta suka sauka. Duk faɗin kwarin nan ba su ga wurin kafa tanti ba sai tsakanin kaburburanmu, dab da cocin da aka binne shahidin garinmu. Da idona na ga wani ƙato mai jan gashi ya ɗaure dokinsa a jikin dutsen kabarin mijina. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙa sunayen mutane a dutse, yau nasa dutsen ya zama turke.

Namatiyus, babban ɗana, ya ce, “Inna, rabu da su. Gotawa ba su iya faɗa da bango ba, za su gaji su tafi.” Shi an ba shi mutane a hasumiyar yamma, an ba shi sulke, kuma ya yi masa kyau ƙwarai. Auta kuwa, Elafiyus, saboda ɗingishinsa an ajiye shi gadin Ƙaramar Ƙofa, wadda ake fita da gawa ta cikinta. Wai shi ya fi kowa sa'a, ƙofarsa ba mai sha'awar shiga, fita kawai ake yi. Gemu ya cika masa fuska amma har yau bakinsa ba linzami.

An tura manzo wurin Kaisar, sarkinmu na Rum. Dattawa sun ce rundunar Rum na nan tafe.

Takardun da mijina yake gwada rubutu a kansu kafin ya sassaƙa, bayansu fari ne. A nan zan riƙa sauke abin da ke cikina.

Asabar, 9 ga Mayu

In iska ta kaɗo daga wajensu, warin man shanun da suke shafa wa gashi har cikin ɗaki. Da shi da albasa.

Jumma'a, 15 ga Mayu

Yau na ga yaƙi. Ashe ji kawai nake yi.

Da rana tsaka suka zo da tsanuka, suna ihu suna dukan garkuwa. Mu mata aka sa mu ɗaukar duwatsu da tukwanen yashi mai zafi zuwa kan badala. Na kai tukunya ta farko na miƙa wa maza, ta biyar kuwa da kaina na juye. Wanda ke ƙasa ya ɗago kai, saurayi ne, yashin ya shiga ta wuyan sulkensa. Ya saki tsani ya faɗa kan na bayansa yana tuɓe rigar ƙarfe da hannu biyu, kukansa irin na alade a hannun mahauci. Ban ji tausayinsa ba. Na jira in ji, bai zo ba.

Namatiyus ya sare hannun wani da ya kama bakin ganuwa. Mai hannun ya tafi, hannun ya rage a sama, yatsun na motsi. Ya ɗauka ya jefa musu, ya ce, “Kun manta kayanku!” Maza suka kwashe da dariya. Ɗana ke nan. Duk wanda ya gan shi yau ya san na haifi namiji.

Daga namu, kibiya ta shiga idon mai gidan burodin unguwarmu ta fita ta ƙeya. Wasu ma sun faɗi da yawa, ban tsaya ƙirga ba.

Da yamma Auta ya zo da rabin gurasarsa. Ya ce shi ya ci a bakin ƙofa.

Lahadi, 17 ga Mayu

Ina za a kai matattu?

Tun kaka da kakanni gawa ba ta kwana cikin ganuwa. Masu rai a ciki, matattu a waje. Dokar Rum ce, kuma tun kafin doka haka uwata ta gaya mini, haka tata uwar ta gaya mata. Ana ɗaukar mutum a makara, ƙafafu gaba, danginsa na biye. A bakin Ƙaramar Ƙofa a sauke shi, a kira sunansa da ƙarfi don a tabbata ba zai amsa ba, sannan a fita da shi kusa da shahidi, inda zai tashi cikin mutanen kirki ranar tashi. Ba a tsallake ko ɗaya.

Limamin coci da dattawa sun yanke: a jera su a ɗakin sanyi na gidan wankan gari har rundunar Kaisar ta zo. Ai ba za a daɗe ba.

Alhamis, 28 ga Mayu

Sun fasa magudanar dutse da ke kawo mana ruwa daga tudu. Yanzu sai rijiyoyi. Sun kuma sa wa alkamarmu wuta tana tsaye a gona, muna kallo daga badala. Manoman da suka kama a ƙauyuka sun jera su inda za mu gani, suka yanka su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Wani tsoho ya yi ta kiran sunan 'yarsa da ke cikin gari har wuƙa ta katse shi.

Na hau soro duban hanyar gabas, ko rundunar Kaisar na tafe. Ba kowa.

Laraba, 10 ga Yuni

Maƙwabciyata Auspisiya ta yi abin kunya. Jaririnta ya mutu da zawo, maimakon ta kai shi gidan wanka sai ta haƙa rami a tsakar gidanta, kusa da murhu, ta binne. Ta katanga na leƙa na gani. Na ce mata, “Ke Auspisiya, kare kika haifa? Gawa a inda ake dafa abinci?” Ta ce, “Firontina, ɓeraye ne a gidan wankan.” Na tofar da yawu na sauka. Tun muna 'yan mata muke tare, amma daga yau ba ni ba cin abin hannunta.

Auta ya ce, “Inna, ki sassauta mata mana.” Na ce ya rufe mini baki, me ya sani.

Lahadi, 21 ga Yuni

Jakin mai itace muka ci. Gobe kuma ganyen da ke tsirowa a tsagar ganuwa.

Ban san inda Auta yake samo rabin gurasar nan ba kullum. Wai masu gadin ƙofa ana ba su na musamman.

Alhamis, 2 ga Yuli

Sun gina wata rumfa mai ƙafafu, sun lulluɓe ta da ɗanyar fata, a cikinta gungumen itace mai kan ƙarfe. Tun safe suke dukan ganuwar yamma da shi. Ana jin bugun a cikin haƙora. Tulun da ke kan kantata ya faɗo ya fashe.

Wani daga cikinsu yana jin harshenmu sarai. Sunansa Sunila, wai ya yi wa Kaisar soja shekaru da yawa kafin a daina biyansu. Kullum sai ya zo gindin ganuwa ya ɗaga murya: “Rumawa! Ina Kaisar ɗinku? Ko ya ɓata a hanya ne mu aika a rako shi?” Auta ya leƙa ya ce, “Yana jira ku yi wanka ne tukuna, hancinsa ba ya ɗaukar wari!” Har mutanen Sunila sai da suka dara da ya fassara musu.

Na hau soro. Ba kowa.

Talata, 7 ga Yuli

Namatiyus.

Laraba, 8 ga Yuli

Bari in rubuta, ko zan samu in yi numfashi.

Sun fita jiya da sassafe su ƙone rumfar. Shi ya ja gaba, wa zai ja in ba shi ba. Sun ƙone ta, na ga hayaƙin. Wajen dawowa mahaya suka tare su. Gatari ya same shi nan tsakanin wuya da kafaɗa, ya tsaga sulken har ƙirji. Auta ne ya fita da ɗingishinsa cikin ruwan kibau ya jawo shi ta ƙafa. Da suka shigo da shi yana da sauran rai, bakinsa na kumfar jini. Ya dube ni, bai gane ni ba.

Na wanke shi, na naɗe shi da zanen gadon aurena. Da aka zo ɗaukarsa zuwa gidan wanka na kwanta a kansa, sai da maza biyu suka ɗaga ni.

Wurinsa yana nan a waje, gefen ubansa. Ubansa da kansa ya bar masa fili a jikin dutsen.

Lahadi, 12 ga Yuli

Na je gidan wanka. Mai gadi ya ce kada in shiga, na ture shi.

Ɗakin sanyi ya cika, sun fara jerawa a babban zaure, wani kan wani. Ƙudaje sun rufe bango baƙi ƙirin. Ƙasa na danƙo. Na gane shi da zanen. Na ɗaga gefe ɗaya kaɗan. Ɓeraye sun fara da fuska.

Na yi amai a bakin ƙofa, ba abin da ya fito sai ruwa.

Jumma'a, 17 ga Yuli

Ba na iya cin komai. Auta ya zauna a gabana da gurasa yana ta surutu, wai in ban ci ba zai kai wa Sunila toshi. Ban yi dariya ba. Na dube shi sai na ga yadda yake tauna leɓe irin na yayansa, haushi ya kama ni. Ban san dalili ba.

Litinin, 20 ga Yuli

Sunila ya zo gindin ganuwa yau ba da zolaya ba. Ya cire hularsa ta ƙarfe. Ya ce warin garinmu ya ishe su, kuma su ma Kiristoci ne ko da limamanmu sun ce ba na ƙwarai ba ne. Ya ce, “Ku fito ku binne matattunku. Ba mai taɓa mai ɗauke da makara. Na rantse da kabarin shahidinku.”

Dattawa sun yi ta gardama. A ƙarshe aka gwada da gawar tsoho Donidiyus na majalisar gari, wanda zazzaɓi ya kashe shekaranjiya. 'Ya'yansa suka fita da shi. Gotawa suka ja da baya, wasu har da sunkuyar da kai. An binne shi, an dawo lafiya, an rufe ƙofa.

Ashe masu kuɗi ne kawai ke da matattu.

Laraba, 22 ga Yuli

Mun yi faɗa da Auta. Ba mu taɓa yin irinsa ba.

Na ce gobe zan tara mata mu je majalisa, ko dai a fita da kowa ko kuwa mu fasa ƙofar da hannunmu. Ya ajiye gurasar, ya ce, “Inna, ni ke tsaye a ƙofar nan, na san faɗinta. Makara ɗaya ke wucewa. In aka sauke kowace gawa a bakin ƙofa ana kiran suna, sai mu wuni ƙofa a buɗe. Donidiyus tsaba ce suka watsa, mu ne kajin.”

Na ce mutumin ya rantse da shahidi. Ya ce, “Wanda ya ɗaure doki a kabarin Baba?”

Sai ya ce wai mu kawo Namatiyus gida. Wai ga gindin ɓaure a tsakar gida, ƙasar da laushi, shi zai haƙa da kansa. “Yana kusa da ke, Inna, kina ganinsa kullum.”

Na mare shi. Na ce yayansa ba jaririn Auspisiya ba ne da za a turbuɗe kamar mushe. Na ce, “Da kai ne kwance a gidan wankan nan ɓeraye na ci, da tuni ya saɓa ka a kafaɗa ya kai ka wurin ubanka, ko da Gotawan duniya ne a hanya. Amma mai ƙafa biyu ya tafi, an bar ni da mai ɗaya da rabi.”

Ya tura gurasar gabana ya fita. Ina jin jan ƙafarsa har ƙarshen lungu.

Ai gaskiya na faɗa. Ko ba gaskiya ba ce?

Alhamis, 23 ga Yuli

Mun je. Mata sun cika dandali, kowace da nata a gidan wanka. Ni na yi magana. Na ce wa dattawa, “Mu Rumawa ne ko dabbobi? In mun fara binne matattu a tsakar gida, me ya rage da Gotawa za su ƙwace? Sun riga sun ci garin.” Limamin coci ya yi kuka. Shugaban masu gadi ya ce a ƙalla a bar sauke makara a bakin ƙofa, a wuce kai tsaye. Mata suka yi masa ca. A fita da mutum ba a kira sunansa ba? To me aka yi?

Sun yarda. Ranar Talata.

Auspisiya na gefe, ba ta ɗaga murya tare da mu ba. Da muka haɗa ido na kau da kai.

Lahadi, 26 ga Yuli

Auta bai kwana gida ba tun ranar Laraba. Amma kullum da safe ina tarar da rabin gurasa a kan taga.

Litinin, 27 ga Yuli

An cire ƙyauren ɗakuna ana yin makara da su. Na wanke baƙin mayafina. Auta ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce, “Inna, ki shiga sahun farko. Ki binne, ki juyo nan take, kada ki tsaya addu'a mai tsawo. Kin ji?” Na ce ba shi zai koya mini binne ɗana ba. Ya ce, “To.” Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya tafi.

Gobe ɗana zai kwanta gefen ubansa. Rabona da sanyin rai irin na yau tun kafin su zo.

Jumma'a, 31 ga Yuli

Ina ɓoye cikin rumbun Auspisiya. Ita ta ɗauko mini takardun nan daga gidana.

Ban shiga sahun farko ba. Masu ɗaukar mana makara sun makara, muka faɗa tsakiya. Layi tun daga gidan wanka har ƙofa, kowa ya toshe hanci. A bakin ƙofa aka sauke Namatiyus, na kira sunansa, muryata ta fita tar. Auta na tsaye riƙe da ƙyaure, idonsa ba a kaina yake ba, yana kan kaburbura. Na wuce shi ban ce masa komai ba.

A waje shiru. Gotawa can nesa, hannu sake. Mun kai wurin dutsen mijina, kashin doki ko'ina. An fara haƙa ke nan sai na ji ƙaho.

Daga cikin kaburburan suka fito. Manyan kaburburan masu kuɗi, masu ɗaki da ƙofa, ashe cike suke da mutane tun kafin gari ya waye. Daga na Donidiyus ma. Ba su kula mu ba da fari, ƙofa suka nufa a guje. Masu makara suka watsar da gawawwaki, na waje na son komawa, na ciki na turowa ba su san abin da ake ciki ba. Makara a kan makara a bakin ƙofa, likkafani ya kwance, ana tattaka matattu, ƙafa na nutsewa cikinsu. Na ga limamin coci ya ɗaga gicciye, aka sare shi da hannun da gicciyen. Na ga Sunila, bai ko zare takobi ba, yana nuna wa mutanensa hanya da sanda.

Wani doki ya banke ni na faɗa cikin ramin da muke haƙa. A nan na wuni, a kabarin ɗana, shi kuwa yana waje a kan hanya, dawakai na bi ta kansa. Ina jin garin yana kuka. Ban san gari na kuka da murya ɗaya ba sai ranar.

Kashegari na shigo. Ba mai tsaron ƙofa, ba a bukata. Abin da na gani a lunguna ba zan rubuta duka ba. Mai gadin gidan wanka an kafe shi da mashi a jikin ƙyaurensa. 'Yan mata an ɗaure su da igiya ɗaya wuya da wuya. Rijiyar dandali ta cika da mutane, wasu da kansu suka faɗa. Jini ya bi lambatu ya daskare, karnuka na lasa.

Ban ga Auta ba. Wataƙila yana cikin waɗanda aka kama. Gurgu ne, me za su yi da kashe gurgu.

Asabar, 1 ga Agusta

Auspisiya ta gaya mini. Ta so ta ɓoye, na matsa mata.

Tana kan badala daidai saman ƙofar lokacin da aka busa ƙaho. Ta ce akwai sauran lokacin rufe ƙofa. Ta ce Auta ya riga ya tura ƙyaure ɗaya, ya ture makarar da ta tokare, saura ɗayan kawai da sakata. Shugaban masu gadi yana ta ihu daga sama, “Rufe! Elafiyus, rufe, don ubanka!” Shi kuwa ya sa kafaɗa ya tokare ƙyauren, yana leƙen waje, yana cewa, “Innata tana waje. Ku dakata, innata tana waje.”

Ta ce bai daina faɗa ba har suka iso.

Lahadi, 2 ga Agusta

Mun sami Auta a bayan ƙyauren, ƙarƙashin wasu. Mashi biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a maƙogwaro. Fuskarsa ba abin da ya taɓa ta.

Gotawa sun share hanya, duk gawawwakin da aka zubar ranar Talata sun tura su rami ɗaya sun sa wuta. Namatiyus na ciki. Ban san ta wane gefe ba.

Mun ɗora Auta a kan amalanken hannu, ni da Auspisiya. Ƙofa a buɗe take, yanzu ba mai hana kowa fita. Ga maƙabarta nan ana hangowa, ga ramin da aka haƙa gefen ubansa, ba kowa a ciki. Auspisiya ta fara turawa waje. Na riƙe amalanken. Ta dube ni. Na juya shi.

Ta kama mini, Allah ya saka mata. Muka tura shi cikin gari.

An raba gidana, an ba wani Bagote da matarsa ɗakuna biyu, an bar mini na baya. Matar na zaune a tsakar gida tana gyaran albasa da muka shigo. Ta ga abin da muka kawo, ta tashi ta shiga ɗaki. Na ɗauka mijinta za ta kira. Sai ta fito da shebur da tulun ruwa ta ajiye a gindin ɓaure.

Da na tuɓe shi zan wanke, sai na ga jikinsa. Fata ce kawai a kan ƙashi, cikinsa ya manne da baya, damtsensa bai kai wuyan hannuna ba. Babu wani rabo na musamman da ake ba masu gadin ƙofa. Na tambayi Auspisiya, ta ce kowa ya sani, ni kaɗai ce ban sani ba.

Ƙasar da laushi, yadda ya ce.

A bakin ƙofar gida na sauke shi na kira sunansa kafin mu shiga da shi. Ba haka ake yi ba, wajen fita ake kira. Na kira dai. Elafiyus. Rabon da in kira shi da sunansa na manta.

Litinin, 14 ga Satumba

An ce Kaisar ya yi sulhu da sarkin Gotawa, ya bar masa Talabona da duk ƙasar nan. Wasu kuma sun ce babu ma Kaisar ɗin yanzu. Auspisiya ce ta kawo labarin muna cin fate a gidanta. Na ce ta miƙo gishiri.

Wani daga cikin dattawan da suka tsira ya zo shekaranjiya. Wai ya ji akwai kabari a gidana, wai ni da bakina na faɗa a dandali, doka doka ce, sai a tone a fitar. Na ce, “Dokar wa?” Ya ce ta Rum. Na ce, “To je ka zo da Rum ɗin ta tone.” Bagotiyar ba ta ji abin da muke faɗa ba, amma ta zo ta tsaya a bayana da taɓarya a hannu. Ya tafi.

Har yanzu gashinta na wari. Ko kuwa hancina ne ya mutu, don kwana biyu ban ji ba.

Ba wai na canza ra'ayi ba ne. Gawa ba ta kwana cikin ganuwa, haka ne, haka uwata ta ce. Wannan dabam ne. Ƙafarsa ba ta son tafiya mai nisa.

Tsanin soro ya karye, ban sa an gyara ba. Ɓaure ya nuna bana fiye da kullum. Da safe nakan raba gurasata biyu in ajiye rabi a gindinsa, in ce masa na riga na ci. Tsuntsaye ke cinyewa, na sani.